Babi na Bakwai: Leda, Salatif da Ruwan Kwana Uku

Ranar Litinin, 10 ga Fabrairun 2003, jami'an sabuwar ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka suka tara 'yan jarida a Washington don su sanar da jama'a abin da ya kamata kowane gida ya tanada. Kwana uku kafin nan gwamnati ta ɗaga matakin gargaɗin ta'addanci zuwa na biyu daga sama, mai launin ruwan lemo, ta ce ta samu bayanan sirri cewa Alƙa'ida na kitsa hari, mai yiwuwa da guba ko da bam mai watsa burbushin nukiliya. Kayan da aka lissafa ba baƙi ba ne: ruwan sha da abincin gwangwani na kwana uku, rediyo mai batir, tocila, akwatin taimakon gaggawa, da magungunan da mai ciwo ke sha kullum. Sai abu biyu da suka zo daga baya, leda mai kauri da salatif mai faɗi irin na liƙe bututu, don toshe ƙofa da taga idan iska mai guba ta taso. Wanda aka fi jingina wa maganar shi ne David Paulison, shugaban hukumar kashe gobara ta ƙasa a lokacin.

Kafin a kwana biyu salatif ya yi ɓatan dabo a kantunan Washington da kewaye. Mutane na tura kekunan sayayya maƙare da jarkokin ruwa da nannaɗaɗɗiyar leda, masu kanti na rubuta wa a kwali cewa kaya sun ƙare, wanda ya zo a makare yana tambayar na gabansa ko zai sayar masa da ɗauri ɗaya. Jaridu sun ba da labarin wani magidanci a jihar Connecticut da ya naɗe gidansa da leda tun daga waje. Kafin mako ya ƙare sai da ministan, Tom Ridge, ya fito da kansa yana roƙon mutane kada su fara liƙe ƙofofi da tagogi, ajiyewa kawai aka ce su yi. Masu barkwanci a talabijin sun samu abin yi na watanni. Ranar 19 ga watan aka ƙaddamar da shirin wayar da kai mai suna Ready, wanda ya yi bayanin komai dalla-dalla, amma a lokacin tuni jama'a suka rabu biyu: masu firgita da masu dariya.

Dole a tuna halin da ƙasar ke ciki. Wata goma sha bakwai kacal da harin 11 ga Satumba, wanda ya ci rayuka kusan 3,000. Bayansa an aika wasiƙu ɗauke da ƙwayar cutar antiraks, mutum biyar suka mutu. A watan Janairun 2003 Koriya ta Arewa ta fice daga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, ranar 5 ga Fabrairu kuma sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu yana cewa Iraƙi na ɓoye makaman ƙare dangi, zancen da daga baya ya tabbata ba shi da tushe. Mutumin da aka shafe shekara da rabi ana kaɗa wa hantar ciki, ranar da aka miƙa masa abu ɗaya da zai iya yi da hannunsa, ba mamaki ya yi shi har ya wuce gona da iri.

Shawarar ledar a karan kanta ba shirme ba ce. Idan tankar sinadari ta kife a bakin unguwa, ko aka saki iskar guba a titi, wanda ya shige ɗaki na can ciki, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya toshe kafofin iska, zai shaƙi ƙasa da abin da na waje zai shaƙa. Amma dabara ce ta sa'a biyu ko uku, kafin gubar ta baje, daga nan a buɗe ko'ina a fita, domin ɗakin da aka toshe yakan riƙe ɗan abin da ya shiga, kuma numfashin mutanen ciki na cinye iskar. Wannan kashi na biyu shi ne bai isa kunnen jama'a ba. Da ma akwai darasi a ƙasa. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 Isra'ila ta umarci kowane gida ya keɓe ɗaki ya liƙe, ta raba takunkumin kariya daga iskar guba. Iraƙi ta harba makamai masu linzami kusan 40, babu ko ɗaya mai guba a ciki. Waɗanda makaman suka kashe kai tsaye mutum biyu ne, amma waɗanda suka shaƙe cikin takunkumi saboda ba su cire murfin matatar iska ba sun fi haka yawa, sama da mutum 200 kuma suka yi wa kansu allurar maganin guba ba gaira ba dalili. A watan Maris na 2003, ana jajibirin yaƙin Iraƙi, wata uwa da 'ya'yanta biyu suka rasu a garin Kafr Ƙasim na Isra'ila bayan sun kwana cikin liƙaƙƙen ɗaki da garwashin jin ɗumi. Rabin bayani ya kashe su.

Shi kansa tsarin launukan da ya haifar da wannan ruɗani ya cancanci a tsaya a kansa. An ƙirƙiro shi a Maris ɗin 2002 da matakai biyar: kore, shuɗi, rawaya, ruwan lemo, ja. Cikin shekara tara da ya yi yana aiki ba a taɓa sauko da shi zuwa shuɗi ko kore ba. Idan aka ɗaga shi, 'yan sanda da ma'aikatan filin jirgi sun san abin da za su ƙara yi, amma malamar makaranta ko direban tasi babu abin da aka ce su yi, sai dai su ƙara lura. Su lura da wa? A sanarwar 7 ga Fabrairu, babban lauyan gwamnati John Ashcroft ya ce harin na iya zuwa daidai da ƙarshen aikin Hajji. Ka auna yadda Musulmin Amurka suka yi Babbar Sallar shekarar, ana musu kallon ranar ibadarsu a matsayin ranar hatsari. Gargaɗin da bai zo da aikin yi ba, kan maƙwabci yake ƙarewa. A littafin da Ridge ya fitar a 2009 ya bayyana cewa ana gab da zaɓen 2004 wasu manyan ministoci sun matsa a ɗaga matakin, har ya tambayi kansa ko tsaro ne ko siyasa. Waɗanda ya ambata sun musanta. Ko ma wane ne mai gaskiya, an riga an yi ɓarnar, domin jama'a sun daina ɗaukar launin da muhimmanci. A 2011 aka soke shi.

Wannan ba shi ne karon farko da Amurkawa suka yi wa shawarar gwamnatinsu dariya ba. Bayan Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na farko a Agustan 1949, hukumar kare farar hula ta sa aka shirya wani gajeren fim na 'yan makaranta, Duck and Cover, wanda aka fara nunawa a 1952. Tauraronsa wani kunkuru ne mai suna Bert, da ya ga hatsari sai ya shige ƙoƙonsa. Ana koya wa yara da sun ga walƙiya mai kashe ido su faɗi ƙasa, su shige ƙarƙashin tebur, su rufe wuya da fuska. Yaran da suka yi wannan atisaye sun girma suna tambaya: tebur ne zai tare bam ɗin da ya share Hiroshima?

Ba zai tare ba, ga wanda ke tsakiyar wurin. Sai dai yawancin mutanen da bam zai shafa ba a tsakiya suke ba, suna kewaye ne, inda gini ke tsagewa bai rushe ba, inda gilashin taga ke tarwatsewa ya zama wuƙaƙe. Haske ne ke fara isowa. Bugun iska na biyo baya da saurin da bai fi na ƙara da yawa ba, kimanin daƙiƙa uku a kowace kilomita, don haka wanda ke nesa da kilomita biyar yana da daƙiƙa goma da 'yan kai. Abin da ɗan Adam ke yi da waɗannan daƙiƙoƙi, idan ba a koya masa wani abu ba, shi ne ya ruga taga ya ga mene ne. An ga haka ƙuru-ƙuru a birnin Chelyabinsk na Rasha ranar 15 ga Fabrairun 2013, lokacin da wani dutse daga sararin samaniya ya fashe a sama. Mutane suka taru a tagogi suna kallon hasken, bayan minti biyu ko fiye bugun ya iso, kimanin mutum 1,500 suka nemi magani, mafi yawansu gilashi ne ya yanke su. Wata malamar firamare da ta tuna atisayen zamanin yaƙin cacar baka ta umarci ɗalibanta 44 su shige ƙarƙashin tebura. Babu yaron da ya ji ciwo. Ita da ta tsaya a tsaye gilashi ya yanke ta sosai.

Haka batun ƙurar da ke biyo bayan fashewa. Bam ɗin da ya tashi a ƙasa yana kwasar turɓaya ya cilla sama, ta gauraya da burbushin nukiliya, ta bi iska, ta riƙa sauka kamar ƙurar hunturu da ke kwanciya kan rufi da ganye da murfin randa. Abin da ya kamata kowa ya sani game da ita shi ne ƙarfinta na raguwa da sauri. Masana na da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk lokacin da sa'o'in suka ninka sau bakwai, ƙarfin tururin na raguwa sau goma. Bayan sa'a bakwai saura kashi ɗaya cikin goma na abin da yake a sa'ar farko, bayan kwana biyu ɗaya cikin ɗari, bayan mako biyu ɗaya cikin dubu. Ke nan ranar farko ita ce mai kisa, kuma a ranar ce zuciya ke ingiza mutum ya fito titi, ya shiga mota, ya maƙale cikin cunkoso da gwangwanin ƙarfe da gilashi kaɗai tsakaninsa da ƙurar. Shi ya sa shawarar da hukumomi ke bayarwa a yau ta tsaya kan abu kaɗan. A shiga gini mafi kauri da ke kusa, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko tsakiyar bene, nesa da rufi da bangon waje. A zauna aƙalla sa'a 24. A saurari rediyo. Wanda ƙurar ta same shi a waje ya tuɓe kayan sama ya ɗaure a leda, wannan kaɗai na iya raba shi da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ya hau jikinsa, sannan ya yi wanka da sabulu ba tare da dirje fata ba. Akwai kuma shawarar da ta fi kowace ɗaci ga iyaye: kada a fita ɗauko yara daga makaranta, a bar su a ginin da suke. Uwa ba za ta bi wannan ba sai idan tun da daɗewa ta san makarantar na da shiri, ta kuma yarda da malaman.

Abin da rashin wannan sani ke jawowa an gan shi a tsibirin Rongelap na tekun Pasifik. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam mafi girma da ta taɓa tayarwa, a Bikini. Bayan sa'o'i farar toka ta fara zuba kan mutanen Rongelap. Ba wanda ya gargaɗe su. Yara suka yi ta wasa da ita, ta shiga ruwan sha, sai bayan kwana biyu aka zo kwashe su, fata ta ƙone, gashi na zubewa, daga baya da yawa daga yaran suka kamu da ciwon maƙoshi. Mu ma abin bai yi mana nisa yadda ake zato ba. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ta inda iskar hunturu ke biyowa zuwa ƙasar Hausa, kuma a Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas saboda ci gaba da gwaje-gwajen.

To idan shawarar na da gaskiya haka, me ya sa ake ƙin ta? Birtaniya ce ta ba da amsa mafi bayyana. A shekarun 1970 gwamnati ta shirya ɗan littafi mai suna Protect and Survive, ta ɓoye shi, da niyyar sai yaƙi ya ƙarato za a raba. Jarida ta bankaɗo, matsin lamba ya yi yawa, aka fitar da shi kasuwa a Mayun 1980. Ya umarci magidanci ya shafe tagogi da farin fenti, ya ciro ƙyamaren ɗakuna ya jingina da bango ya danne da buhunan ƙasa da akwatunan littattafai, iyali su shige ƙarƙashi, da ruwa da abincin kwana goma sha huɗu. Ya yi bayanin yadda za a naɗe gawar wanda ya mutu a liƙa mata suna, da lokacin da za a binne ta a bayan gida idan ba a ji daga hukuma ba. Ya kuma gargaɗi mutane su zauna inda suke, don ƙaramar hukumar da suka gudu zuwa ba za ta ciyar da su ba. A daidai lokacin jama'a na ƙara gano cewa gwamnati ta haƙa wa kanta maɓoya masu zurfi a sassan ƙasar, daga baya ma aka san akwai wata a Corsham da aka tsara don mutum 4,000. Ga manya kankare, ga talaka ƙyauren ɗaki.

Fushin da ya biyo baya ya fi ƙarfin dariya. Masanin tarihi E. P. Thompson ya mayar da martani da ƙasida mai suna Protest and Survive, ƙungiyar yaƙi da makaman nukiliya ta CND ta farfaɗo, majalisar birnin Manchester ta ayyana kanta yankin da ba ruwansa da nukiliya a Nuwamban 1980, wasu da dama suka bi sahu. A 1982 dole gwamnati ta soke babban atisayen kare farar hula mai suna Hard Rock saboda ƙananan hukumomi sun ƙi shiga. A shekarar ne Raymond Briggs ya fitar da littafin zane When the Wind Blows, labarin tsoho da tsohuwa da suka bi umarnin gwamnati sau da ƙafa suka mutu a hankali. A ganina mutanen Birtaniya ba ilimin da ke cikin ɗan littafin suka ƙi ba. Sun fahimci an ɗora musu nauyin da gwamnati ta sauke daga kanta, kuma ana so su ɗauki yaƙin nukiliya a matsayin abin da ake iya jurewa da fenti da buhun ƙasa. Da gwamnatin Tony Blair ta aika sabon ɗan littafi gidaje miliyan 25 a 2004, bayan harin jiragen ƙasa na Madrid, ta yi taka-tsantsan har ya fito salam, ba ya tsoratarwa, ba ya kuma zama a ƙwaƙwalwa.

Ƙasashen da jama'arsu ke karanta irin wannan takarda ba tare da tsaki ba su ne waɗanda gwamnati ta fara yin nata. Tun 1963 dokar Suwizalan ta wajabta gina maɓoya, yau tana da gurbin da zai ɗauki kusan kowane mazaunin ƙasar. Finlan na da maɓoya kimanin 50,000 masu ɗaukar mutum miliyan 4.8, kuma a Helsinki waɗansunsu wuraren ninƙaya ne da filayen wasa da ake amfani da su kullum, yaro ya san hanyar shiga tun yana zuwa ƙwallo. Suwidin ta fara raba ɗan littafin shirin yaƙi a 1943, ta daina bayan yaƙin cacar baka, ta dawo da shi a Mayun 2018 zuwa gidaje miliyan 4.8, ta sake sabunta shi a Nuwamban 2024. Yana magana ba ɓoye-ɓoye: wuta za ta iya ɗaukewa, katin banki ya daina aiki, kanti ya zama wayam, don haka kowane gida ya iya riƙe kansa mako guda, ya ajiye tsabar kuɗi, ya san ma'anar kowace jiniya, ya yi hattara da labaran ƙarya. Bai zo da sanarwar cewa gobe za a kawo hari ba. Ya zo ta akwatin wasiƙa a rana irin ta kullum, lokacin da mutum ke da natsuwar karantawa ya ajiye a aljihun tebur. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar tafiyar ta zo wa mutanen Hawai, ko da yake ta ƙarya ce. Da ƙarfe 8:07 na safiyar Asabar, 13 ga Janairun 2018, wayoyin jihar suka yi ƙara da saƙon cewa makami mai linzami na tafe, a nemi mafaka, ba atisaye ba ne. Lokacin cacar baki tsakanin Donald Trump da Kim Jong Un ta yi tsanani, kuma an san makami daga Koriya ta Arewa minti ashirin kawai yake buƙata. Wani ma'aikaci ne ya ɗauki atisaye a matsayin gaske. Sai da aka yi minti 38 kafin saƙon gyara ya iso wayoyi, don hukumar ta tanadi hanyar aika gargaɗi ba ta tanadi ta janye shi ba, gwamna David Ige kuma ya amsa cewa ya yi jinkirin sanarwa a Twitter saboda bai riƙe kalmar sirrinsa ba. Cikin mintunan nan an ga ɗalibai na gudu a harabar jami'a, iyalai sun cusu cikin bahon wanka, wani uba na zura 'yarsa cikin ramin magudanar ruwa, wasu na tuƙi da gudun fitar rai don su mutu tare da nasu. Da yawa sun ce abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne ba su san inda za su nufa ba.

Mai karatu a Najeriya ya san ƙarshen irin wannan gudu. Ranar Lahadi, 27 ga Janairun 2002, rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta, bama-bamai suka riƙa tashi suna faɗawa unguwanni. Babu muryar hukuma da ta fito da wuri ta ce ga abin da ke faruwa, ga inda za a bi. Wasu suka ɗauka juyin mulki ne, wasu suka ce yaƙi ya zo. Dubban mutane suka yanka da gudu cikin duhu zuwa Oke-Afa, inda ciyayi suka lulluɓe ruwan wata babbar magudana har ta yi kama da fili. Na gaba suka afka, na baya suka danno. Sama da mutum 1,000 suka mutu a wannan masifa, mafi yawansu a cikin ruwan, da yawa kuma yara ne. Fashewar kanta ba ta kashe kwatankwacin haka ba.

Akasin wannan shi ne labarin Rick Rescorla, tsohon soja, shugaban tsaro na kamfanin Morgan Stanley a doguwar hasumiyar kudu ta Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. Bayan harin bam na 1993 a cibiyar, ya ɗage cewa za a sake dawowa, ya tilasta wa ma'aikata atisayen sauka ta matakala, biyu-biyu, ba tare da sanarwa ba, har manyan da ke tsakiyar cinikin miliyoyi a waya. Sun sha yi masa ƙorafi. Ranar 11 ga Satumba, da jirgi ya daki hasumiyar arewa da ƙarfe 8:46, lasifikar ginin kudu ta ce kowa ya zauna a ofishinsa, babu hatsari. Rescorla ya ɗauki lasifikar hannu ya ce a sauka. Ƙafafun mutanen sun riga sun san hanya. Da jirgi na biyu ya daki nasu ginin da 9:03, akasarinsu na kan matakala, yana rera musu waƙoƙin yankinsu na Cornwall don kada su ruɗe. Kusan ma'aikata 2,700 suka fita da rai. Shi ya koma sama neman waɗanda suka rage, ginin ya rufta da shi. A wannan safiya umarnin hukuma kuskure ne, abin da ya yi aiki shi ne abin da aka maimaita shekara da shekaru har ya zama jiki.

Saura tambayar da takardun nan ba su cika son amsawa ba: wa ke da halin bin shawarar? Galan ɗaya na ruwa ga kowane mutum a rana, abincin kwana uku ko na mako, batir, tsabar kuɗi a ajiye, duk suna nufin gida mai rara da wurin ajiya. Wanda sai ya fita yake samun na tuwon dare, ce masa ya tara abincin mako zagi ne a fakaice, kuma wanda ya ga kullen korona na 2020 a unguwannin talakawa bai buƙatar a yi masa bayani. Amurka ta koyi wannan a Agustan 2005, ba daga 'yan ta'adda ba, daga guguwar Katrina. An ba da umarnin kowa ya fice daga New Orleans, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen birnin ba su da mota, ga shi ƙarshen wata, aljihu ya bushe. Masu hali suka tafi. Tsofaffi da marasa lafiya da talakawa, akasari baƙaƙen fata, suka rage kan rufin gidaje da cikin filin wasa na Superdome. Sama da mutum 1,300 suka mutu. Hukumar agajin gaggawa ta FEMA, wadda aka cusa cikin ma'aikatar tsaron cikin gida a 2003 aka karkata hankalinta ga ta'addanci, ta kasa kataɓus a kwanakin farko. Shugabanta Michael Brown ya sauka, aka ɗora David Paulison, mutumin leda da salatif.

Bayan shekara uku guguwar Gustav ta nufo birnin. A wannan karon ba a tsaya ga sanarwa ba. An ware wurare 17 a unguwanni inda marar mota zai je ya tsaya, an yi rajistar tsofaffi da naƙasassu tun kafin lokacin guguwa, an tanadi motocin safa da jiragen ƙasa da na sama, an kuma yarda mutane su taho da karnuka da kyanwoyinsu, domin a 2005 wasu sun ƙi tafiya ne saboda an ce su bar dabbobinsu. Kimanin mutum 18,000 aka kwashe ta wannan hanya kafin guguwar ta sauka ranar 1 ga Satumban 2008, cikin kusan miliyan biyu da suka bar kudancin jihar Louisiana.